Malamar Kwando

Kafin maigadi ya gama share ƙofar makaranta, ta riga ta buɗe ɗan ɗakin da ke bayan ajujuwa, ta goge allo, ta girke kwandonta a bakin ƙofa. Duk ɗalibin da zai shiga sai ya zuba littattafansa a ciki. Shi ya sa ake kiranta Malamar Kwando.

"Malama, wallahi babin nan ya zauna a kaina," in ji wani.

"To fito da shi mu gani, ɗana. Ga alli."

Ba ta yarda yaro ya yi ta bitar abin da ya iya. Tambayar da ta kayar da shi, ita zai yi ta yi ba littafi, yau da gobe, har sai hannunsa ya saba. Kuma waɗanda suka faɗi jarrabawa ake turo mata, waɗanda sauran malamai suka yafe.

Cikinsu akwai 'yar tela, wadda lissafi ya kayar sau biyu. Babanta ya rantse in ta sake faɗuwa, karatu ya ƙare, sai zaman keken ɗinki. Ana dab da jarrabawa ritayar Malama ta zo. Shugaban makaranta bai ko jira ba, ya garƙame ɗakin, ya mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru.

"Yaran fa, ranka ya daɗe?" ta tambaye shi.

"Ai kin yi naki, Malama. Ki je ki huta."

Ba ta huta ba. Ta kwashe su zuwa tsakar gidanta, tana yi musu rubutu a jikin ƙofa, ga ciwon gwiwa.

'Yar tela ta ci. Yau hotonta na manne a ƙofar makarantar, shugaba na tsaye kusa da ita yana washe baki. Sunan Malama ko a gefe babu. Abin da takaici.

Ke ce kika tsaya a kan 'ya'yan da kowa ya cire rai da su, Malama. Mun gode, Allah ya saka. Malaman da kuka rage, ku yi koyi da ita, kuma ba sai kun sayi kwando ba. Nata yana nan a ofishin shugaba, ana zuba shara.