Koren Rubutu, Kile Cikin Jaka

Jama'a, yau kamar ƙasa ta tsage in shige!

Kun san script ɗina na kwamfuta mai kwashe takardun bironmu, wato ofis, zuwa kile USB, ɗan abin adana bayanan nan? Jiya na sa mishi launi: kore in ya yi, ja in ya ƙi. Yau na kira shef, shugabanmu, da baƙinshi na garin Geceme su gani. Na danna. Rubutu kore shar: AN ADANA KOMI!

Shef ya ce, "Bravo, Isa!" Har da tafi.

Sai ga Madam Hadiza, sakatariyarmu: "Isa, ga kilenka, tun jiya tana jakata."

Ashe na manta in sa script ɗin ya duba ko kilen na jikin kwamfuta, koren fitowa kawai yake!

Shef ya kalli allo, ya kalle ni: "To, ina ka adana su?"