Tafiyar Taguwar Kaka

Ranar wata Litinin da hantsi, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, Malam Sanusi mai koya mana lissafi ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta a inuwar bishiyar bedin makaranta. Daga garin Isa ya aro ta. Ya danna maɓalli, wani ɗan mutum ya yi gudu a kan gilashin, mu kuma muka yi ihu. Ya ce ba sihiri ba ne: hoto huɗu ne ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauka tafiya ce. Ya ce kowa ya zana nasa a littafin lissafi mai gida-gida, sha shida tsaye, sha shida kwance, wanda ya yi kyau shi za a sa cikin wasan kwamfutar.

Babu noma a lokacin, aikinmu ɗebo ruwa da kakkaɓo ganyen gawo. Ni taguwar kakana Bawa, wato raƙumarsa, na zaɓa, domin an riga an yanke za a kai ta kasuwar Sabon Birni, abin da za ta ci ya ƙare. Kwana uku suka rage mini. Na cike gidajen da fensir ɗaya bayan ɗaya, Malam ya kwafe su cikin kwamfutar, taguwa ta motsa! Da gudu na je na jawo Kaka har makaranta. Ya tsuke ido ya duba, sai ya fashe da dariya. "Wanga jaki na, ɗan nema! Taguwata ba ta tafiya haka." Yara suka kama kukan jaki. Na sa ƙafafun suna saɓawa, ban taɓa lura da yadda take taka ƙasa ba, ga shi a kanta na girma.

Washegari na tsara aikin. Da farko na ɗaura jan tsumma a ƙafafunta na dama, gaba da baya. Na biyu, Kaka ya ja akalarta cikin busasshen gulbi. Na uku, na kwanta rub da ciki a kan yashi mai zafi ina kallo. Jajayen biyu suka tashi tare, suka sauka tare, sannan na hagu suka bi, tozon yana rangaji. Na yi tsalle ina ihu har taguwar ta firgita. Sau bakwai na sa Kaka ya koma, yana cewa, "Za ni sayar da kai in bar ta."

Na goge, na sake zane, na karkata tozon gida ɗaya dama, gida ɗaya hagu. Da safiyar kasuwa, kafin su kama hanya, Kaka ya tsaya makaranta da akala a hannu. Malam ya ɗora masa yatsa kan maɓalli. Taguwa ta nufi rijiyar da ke ƙarshen gilashin, tana rangaji. Kaka ya danna sau uku. Sannan ya ce, "Ita ta."

Da la'asar ya dawo da akalar kaɗai.

Yau 'ya'yana suna wasa da raƙuma masu gashi da inuwa a cikin waya, ba su san ƙafar da ke fara tashi ba. Kwamfutar ta mutu tuni, Kaka ma ya rasu. Littafin yana cikin akwatina. In na saki shafukan huɗu da babban yatsa, har yanzu tana tafiya.