Sunan Ya'u a Jikin Filifa

Duk wanda ya taɓa kai mataccen rediyo Sabon Gari ya san Inusa mai gyara. In ma bai riƙe sunansa ba, to ya riƙe faɗansa. Mutumin Tsibiri ne. Kullum da safe yake hawo tsohon motonsa mai ƙafa biyu ya shigo Maraɗi, ya buɗe rumfar nan tasa da matattun talabijin suka cinye rabinta, ya zauna da mitar gwajin wuta a cinya da ƙarfen narka dalma a hannu. Tun zamanin kaset yake wannan aiki. Yana kuma da wani hali da ya kore masa masu kawo gyara ba adadi: ba ya rufe na'ura muddin ya ga sauran ciwo a cikinta. Ka kawo masa don waya ɗaya, sai ya tsaya gyaran wasu uku, kai kuwa kana tsaye kana cewa sauri kake.

"Sauri? To kai ta wurin mai sauri," amsarsa ke nan.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, Ya'u, ɗan kabu-kabu. Shi Ya'u ko kusa bai gaji gyara ba. Abin da ya ɗauke masa hankali filifa ce, wata tsohuwar na'urar wasa da ke shagon wasannin Chaibu: dogon akwati mai ƙafa huɗu, da gilashi a sama, ana dukan ƙwallon ƙarfe a ciki yana ta karo da fitilu. Inusa ya yi faɗa har ya gaji. Ƙato da gemu, wai yana bin ƙwallo a cikin akwati!

Ya'u ya rasu a hanyar Jiratawa, babbar mota ce ta bi ta kansa, shi da moton da wayar da ke aljihunsa. Aka yi jana'iza, aka yi sadaka, masu gaisuwa suka watse. Inusa bai yi kuka ba. Mutane suka riƙa cewa kai, Malam Inusa akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, wallahi. Babu komai ne kawai a cikinsa. Yana cin tuwo, yana salla, yana buɗe rumfa, duk kamar wani ne ke yi shi yana kallo.

Wata safiya Chaibu ya zo ya durƙusa a bakin rumfar, yana ta kame-kame.

"Baba, filifa ta mutu. Da ban zo ba, to amma sunan Ya'u na ciki."

Ya yi masa bayani. Na'urar tana riƙe sunan wanda ya fi kowa ci, harafi uku, kuma mai cin ne ke rubutawa da kansa. Tun da Ya'u ya sa nasa babu wanda ya ture shi.

Inusa ya ce to. Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa Tsahara, haka kawai, kamar yana ba ta labarin farashin hatsi. Ta daina tankaɗen da take yi.

"Malam, da hannunshi ya rubuta?"

"Haka aka ce."

"Ina so in gani."

Tun rasuwar ba ta roƙe shi komai ba sai wannan.

Washegari ya ɗauki jakar kayan aiki ya nufi shagon Chaibu. Ya fara daga bango, yadda ya saba: akwai kuran, wato wutar lantarki, a soket, wayar ma lafiyarta lau. Ya buɗe cikin akwatin, warin ƙuna ya tarye shi. Ya zaro fizibil, ɗan ƙaramin abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa don ya tsare sauran kayan, sai ya tarar an naɗe shi da zaren jar waya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ai yana yawan tsinkewa ne, Baba, shi ne muka ɗaure shi."

"Kun ɗaure shi! Mai gadi na ihu, kun toshe mishi baki. Madalla da ku."

Rabon da a ji muryarsa ta ɗaga haka tun kafin rasuwar. Ya bi layin wutar da mita a hankali. Taransifo bai ƙone ba, Allah ya taimaka. Gaba kaɗan ya iske kondansata ta kumbura, da wasu ƙananan abubuwa da suka yi baƙi. Ya koma rumfa ya ciro irinsu daga cikin matattun talabijin ɗinsa, ya dawo ya liƙa, ya sa sabon fizibil na gaskiya. Wajen azahar ya kunna.

Na'urar ta yi tari, fitilu suka bi juna, kiɗa ya tashi. A allon sama jajayen haruffa suka fito: YAU.

Ya daɗe yana kallo. Ya jira ya ji wani abu, bai ji ba. Ya kira Tsahara ya ce ta shigo taksi ta taho.

Yana shirin rufewa ne idonsa ya faɗa kan pil uku, ƙananan batura, da ke bayan allon. Su ne ke riƙe sunan idan an kashe na'ura. Sun tsufa, farin gishiri ya fara fitowa a bakinsu, kuma ya san nan gaba kaɗan zai ci allon. Ya kuma san dabarar: ana canza su ne na'ura tana kunne, don kada ta manta abin da ke kanta.

Chaibu ya ce, "Baba, a bari Inna ta gani tukuna mana."

"Yanzu zan gama."

"Gurup ɗina, janareton nan, babu esansi hwa, ko ɗigon mai, in an ɗauke wuta..."

"Na ce yanzu zan gama."

Bai taɓa rufe na'ura da ciwo a ciki ba, hannunsa bai ma san yadda ake yi ba. Ya zare tsofaffin. Ya miƙa hannu zai ɗauki sababbin, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Daga waje wani mai walda ya ja dogon tsaki.

Inusa ya sa sababbin pil ɗin duk da haka, ya goge gishirin, ya ɗaure murfi, ya mayar da kayansa jaka ɗaya bayan ɗaya.

Tsahara ta iso da lulluɓinta. Ba ta taɓa shiga irin wannan wuri ba, sai ta zauna a bakin benci ta haɗa ƙafafu, tana jiran wuta. Ba wanda ya faɗa mata abin da ya faru. Sai bayan la'asar aka kawo. Fitilu suka bi juna, kiɗa ya tashi, allo ya nuna wasu haruffa uku na masu ƙera na'urar, waɗanda ba sunan kowa ba ne a Maraɗi.

Tsahara ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karatun boko ba. Ta matso, ta ɗaga kai.

"Wannan ne, Malam?"

Chaibu ya juya yana gyara kujerun da ba su karkace ba.

"Shi ne," in ji Inusa.

Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, ta shafa haruffan a hankali, tana yi wa ɗanta addu'a. Inusa yana tsaye a bayanta da tsofaffin pil uku a dunƙule a hannunsa, gishirin yana cin fatar tafinsa. Bai buɗe hannun ba.