Kwana Uku Kafin Babbar Sukuwa

Buhun citta sittin na ba da a kan dokin nan, busasshiya, tsagaggiya, irin wadda masu saye daga kudu ke rububi. Wata huɗu kuma kawai nake da su kafin ruwa ya sauko. A ƙasarmu ta Kafanchan doki ba ya shiri da damina. Ƙudan tsando ya cije shi, ciwo ya shiga jini, sai ka ga yana ramewa a tsaye. Saboda haka tun ranar da aka sauke shi daga mota na san ba zama ya zo yi ba, sai na sayar kafin damina. Farashin dokin sukuwa kuwa rana ɗaya ce ke yanke shi, ranar babbar sukuwar da ake yi can arewa a ƙarshen rani. In ya shiga cikin ukun farko, buhunana za su dawo har da ƙari. In ya zo a baya, sai dai in sayar da shi kuɗin dokin hawa.

Ni dillalin citta ne. Da mudu na fara, a bakin kasuwa, kuma ban san komai a kan doki ba sai cewa ƙafafunsa huɗu. Kaya na kai arewa na gan shi a turke, baƙi wulik, an ce sau uku yana cinye gudu. Ba gudunsa na gani ba, idon mutane na gani a kansa. Na ce abin da ake kallo haka yana da kasuwa.

Na ɗaure shi a bayan sito, a filin da mata ke wanke citta suna tsagawa, kusa da rijiya. Kafin mako ya zagayo dokin ya samo wa kansa masu ba da shawara biyu, ba tare da na aika a kira kowa ba.

Na farko tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, muna ce masa Baba. A arewa ya tashi, a gidan masu dawaki, aiki ya kawo shi nan ya tsufa. Na biyu malamin dabbobi ne mai ritaya, ɗan ƙasar nan, dattijo a cocinsu, muna ce masa Malam. Shekara arba'in suna maƙwabtaka, kuma ban taɓa jin sun yarda a kan abu ɗaya ba, ko da a kan ranar da ruwa zai sauka ne.

Gardamarsu ta farko a kan wata 'yar ƙaramar sukuwa ce da za a yi a wajen Kachia, mako uku kafin babbar. Malam ya ce a kai shi. Baba ya ce ko kusa.

"Alhaji, ka ji ni," in ji Baba. "Gudu a cikin doki kamar hatsi yake a rumbu. Duk abin da ka ɗiba yau, babu shi gobe. Gwani ɓoye shi ake yi, a bar shi da kilisa safe da yamma."

Kilisa ita ce fitar da doki yawon motsa jiki, ba gudu ba. A bakin Baba na fara jin kalmar.

Malam ya yi dariya. "Kai Baba, doki ba rumbu ba ne, inji ne. Injin da ba a tayar ba tsatsa yake yi. Kai da ka yi aikin jirgi ai ka fi ni sani."

"Tarago nawa na bari a ajiye, suna nan har yau ba su mutu ba."

"Ba su mutu ba? Akuyata a cikin ɗaya ta haihu bara!"

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda kowannensu ke gane ko doki ya shirya. Malam yakan ɗora tafin hannu a bayan ƙafar gaba, ya kafa wa agogo ido, leɓɓansa na motsi. Baba kuwa tsugunawa yake yi ya fasa kashin dokin da tsinke, ya duba, ya shinshina, sannan ya kalli kunnuwa. Na riƙa tambayar kowa shi kaɗai, in ɗayan ba ya nan. Sau da yawa amsa ɗaya suke ba ni: yau ya gaji, yau yana da ƙarfi, a rage masa dawa. Ban taɓa gaya musu ba, don na san da sun ji, ɗaya zai canza magana.

Gardama ta biyu ta fi zafi: yaushe za a tafi arewa? Malam ya ce mako biyu kafin ranar, don dokin ya saba da zafin can da yashin filin. Baba ya ce ana gobe za a yi.

"Baƙuwar barga tana cin doki," ya ce. "Ga haniniyar sauran ingarmu ta hana shi hutawa, ga bakin mutane. A sauka yau, gari ya waye a yi gudu, kafin ma ya gane ba a gida yake ba."

"Bakin mutane ba ya cikin littafin da na karanta," in ji Malam.

"Littafinka na shanu ne, Malam. Ka taɓa ganin saniya ta ci kofi?"

Da na ga ba za su ƙare ba, sai na yi abin da na iya, abin da nake yi kullum in mai saye da mai sayarwa sun cije. Na raba. Na ba Malam ƙaramar sukuwa. Maganar tafiya kuma na karkata wajen Baba, amma ba duka ba: na ce kwana uku. Dukansu suka ɓata rai. A kasuwa, in kowa ya tashi yana ƙunƙuni, alama ce an yi ciniki mai kyau, don haka na kwanta da daɗin rai.

Muka je wajen Kachia da safe, dokin ya wuce sauran kamar suna tsaye, muka dawo gida kafin magariba. Malam ya yi kwana biyu yana gaishe da Baba da murya mai ƙarfi.

Ranar Laraba muka sauka a arewa, sukuwa ranar Asabar. An ba mu wuri mai kyau, da inuwa. Baba ya kawo bokitin ruwa ya ajiye. Dokin ya sunkuya, ya shinshina, ya ɗaga kai. Muka ce gajiyar mota ce.

Da yamma ma haka. Alhamis muka canza bokiti. Muka bar ruwan burtsatse muka nemo na rijiya. Baba ya jefa kanwa a ciki. Na sayo ruwan leda jaka biyu muka zauna muna farkewa muna zubawa, mutane na kallonmu. Ya taɓa da leɓe kawai ya juya. Malam ya auna shi, babu zazzaɓi. Baba ya yi addu'a ya tofa masa a goshi. Zuwa la'asar ya daina taɓa dusa, cikinsa ya fara shigewa ta wajen kwankwaso.

"Da mun zo tun mako biyu, da yanzu ya saba," in ji Malam.

"Da ana gobe muka zo, da bai shiga kwana na biyu da ƙishi ba," in ji Baba.

Na tsaya ina jin su, na ga kowannensu yana da gaskiya. Wanda ba shi da ita shi ne wanda ya ce kwana uku.

Ranar Juma'a da safe waya ta shigo daga gida. Shugabar matan da ke min wankin citta ce, tsohuwa mai yawan waƙar coci a bakin aiki, kowa Mama yake ce mata. Tambaya take inda za a sauke sabon kaya. Da muka gama ta ce, "Alhaji, yaya baƙonmu?"

Na ce, "Mama, baƙonku ya ƙi ruwa. Yau kwana biyu."

"Wane irin ruwa kuka ba shi?"

"Mai kyau. Har na leda."

"To, shi ya sa. Shi ai ruwan ɗauraya yake sha."

Na ce ta sake faɗa. Ashe tun zuwansa, shayar da shi a hannun matan yake, tunda su ne a bakin rijiya. Baba yakan zo kilisa ya tambaya, an ba shi ruwa? Su ce an ba shi. Ba wanda ya taɓa tambayar daga ina. Su kuwa daga rabin duron da suke ɗauraye citta a ciki suke ɗiba masa, don ya fi kusa da turke. Ruwan a ido garau yake, amma ƙamshin citta ya kama shi. Wata huɗu bai san wani ruwa ba. Ranar Kachia kuma a gida ya sha da safe, a gida ya sha da dare.

"Ai na ɗauka kun sani," in ji Mama. "Ko mura bai taɓa yi ba."

Ga ni dillalin citta, sitona cike, amma babu ko ƙwaya ɗaya a aljihuna. Na hau babur zuwa kasuwar garin, na sami mai kayan miya da ɗanyar citta a faranti. Da na ɗaga na karya, na san ta ƙasarmu ce. Ya faɗi kuɗin da a gida zai sayi ninki biyar, na buɗe baki zan taya, sai na tuna cikin dokin na biya.

Muka daddaka ta, muka ɗauraye a bokiti, muka tace. Dokin ya sunkuya. Ya daɗe yana shinshinawa, kunnuwansa suka miƙe, sai muka ji maƙogwaronsa yana aiki. Bai kai rabi ba Malam ya janye bokitin.

"Kaɗan-kaɗan, kada cikinsa ya ƙulle."

"Gaskiyarka, Malam," in ji Baba. Suka kalli juna kamar an faɗi abin kunya.

Ranar Asabar shi ne a gaba tun daga tashi har kwanar ƙarshe. A nan na ga wuyansa ya fara sauka. Ɗaya ya wuce shi, na biyu ya wuce. Na uku a daidai bakin layi ya sha gabansa, da abin da bai fi tsawon kai ba. Ya zo na huɗu.

A mota, Baba ya ce ɗan abin da ya rasa a kwanar nan shi ne wanda muka zubar a Kachia. Malam ya ce ba don Kachia ba da na goma zai zo. Har yau nakan juya maganar in ina zaune a bakin sito, kuma ban san wanda zan ba gaskiya ba. Dokin da ya yi gudun nan ba na Baba ba ne, ba na Malam ba ne, nawa ne, wanda ya kwana biyu bai sha ruwa ba. Da zan sake samun irinsa, da na ba mutum ɗaya shi gaba ɗaya, ko don in ga abin da zai faru.

A can na sayar da shi, ga wani mai dawaki da ya ga yadda ya riƙe gaba. Ban ɓoye masa maganar ruwan ba. Abin da ya ba ni ya yi daidai da buhu arba'in da biyar. Sittin suka fita, arba'in da biyar suka dawo, ban da dawa da harawar da ya ci. Sai dai mutumin ya kasa raba dokin da ɗanɗanon, kuma duk rani yana aiko mota in sayar masa da buhun citta ɗaya. Bana na tura na uku. Saura goma sha biyu in cike sittin ɗina.