Kiɗan da Ya Shigo Ɗakin Takaba

Shekarun baya, a shekarar da mahaifina ya rasu, wani abu ya faru a gidanmu na Unguwar Lalle wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Za ni faɗe shi yadda nake tune da shi, amma lokaci ya ja, kuma kan mutum a cikin makoki ba ya riƙe komai daidai. Mai yiwuwa na gabatar da abin da ya kamata ya zo daga baya.

Mahaifina shi ke kula da lasifikar masallacin unguwarmu, kuma son kayan sauti ya bi shi har gida. A zaurensa akwai rediyo mai kaset, da ƙaramar miksa mai haɗa sauti, da batirin sola da ke ba su wuta. Yakan zauna da hantsi ya ɗauki karatunsa na Alƙur'ani a kaset. Da ya rasu, mahaifiyata ta shiga takaba a ɗakinta da ke can ƙuryar gida. Ba ta roƙi kowa komai ba sai abu ɗaya: tana son ta riƙa jin karatun nan.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, sai na je zaure za ni ɗauko rediyon. Baffana, wan mahaifina, yana zaune a wurin yana karɓar masu gaisuwa. Ya ce ko allura ba za ta fita daga zauren nan ba sai an raba gado, domin akwai magada da ke fatauci a Nijar ba su iso ba. Na ce kaset ɗaya fa, Baffa, aro. Ya ce da aro ake fara cin dukiyar marayu. Don adalci, ban ce ba shi da hujja ba. Amma ita ma matar mamacin ai magajiya ce, kuma ba sayarwa za ta yi ba.

Na gwada ɗaukar karatun da salulata, ya fito kamar ana magana cikin tulu, ga tarin baƙi da gaishe-gaishensu a ciki. Sai dabara ta zo mini. Ina da wata sifika mai caji da na dawo da ita daga makaranta. In na ajiye ta a ɗakin mahaifiyata, na jawo waya daga miksar zaure, babu abin da ya bar wurinsa sai murya. Baffa ya yi ta jan carbi, kamar yana neman inda murya ta shiga lissafin gado, daga ƙarshe ya ce in yi.

Na auna nisan da igiyar guga, ta bayan rumbu, ta gefen turken awaki. Da tsawo ƙwarai, ina jin ya haura yadi talatin. Ni kuwa na taɓa karanta cewa waya in ta yi tsawo haka tana kwaso ƙara a hanya, sai dai a samo mai jijiya uku a ciki, mai kai mai ƙafa uku, irin ta makirfon masallaci. Na duba bayan miksar da bayan sifikata, duk suna da ramin da irin wannan kan ke shiga.

Na faɗa wa abokina, wanda ke da babur kuma shi zai kai ni kasuwar Sabon Birni. Ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce boko ya gama da ni, mutum ba zai sayi ko tsintsiya ba sai ya yi bincike. Ya ce waya waya ce, wadda ta ɗauki magana taku biyu za ta ɗauke ta taku ɗari. A kasuwar ba mu sami mai jijiya uku ba, sai siririyar nan mai jan kai da fari, aka yi ta haɗa mana guntu da guntu. Na ce ina tsoro. Ya ce ni ai ko ruwan sha aka ba ni sai na ce ina tsoro. Wannan kam gaskiyarsa ce.

Da muka haɗa, karatun ya iso, amma da wani gurnani a ƙarƙashinsa kamar injin niƙa daga nesa. Mahaifiyata ta ce ba komai, tana gane muryarsa. Muka bar shi haka.

Abin ya faru ne wata rana bayan la'asar. Mata sun cika ɗakin, cikinsu har da goggona, ƙanwar mahaifina, wadda dama ba sa ga maciji da mahaifiyata. Kaset ya kai ƙarshe a zaure, ba wanda ya kashe miksar. Sai ga kiɗa ya fito daga sifikar, a hankali amma sarai, kalangu da muryar mace, daga baya wani ya hau magana da Faransanci. Doguwar wayar nan ta zama eriya, ta kamo wata tashar rediyo ta ƙetaren iyaka.

Kafin a zo a kira ni, goggo ta riga ta yafa mayafinta. Aka ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ƙasar kabarin ɗan'uwana ba ta bushe ba, anka buɗe gidan biki."

Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Ranar kasuwar Bafarawa wata 'yar'uwarmu ta jiyo ta a can, ta ƙara kitse: wai ni na sayo wa uwata akwatin kiɗa don ta rage kewa, wai har ana tafi. Matar da ko kwalli ba ta sa ba tun ranar rasuwar, ko turare ba ta taɓa ba. Mahaifiyata ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ce in cire sifikar kawai, ta juya fuskarta bango. Abincin kirki ma ta daina ci. Wannan ne ya fi ƙona mini rai: an hana ta kaset saboda tsoron Allah, an kuma ci namanta ba tare da tsoron Allah ba.

Na yi wa Baffa bayanin eriya, ya ce shi bai taɓa jin igiya ta yi waƙa da kanta ba. Na koma wurin abokina. Ban yi masa ihu ba, don ban iya ba, amma na ce ya tayar da babur, za ni garin Isa neman waya mai jijiya uku, in ba a samu ba za ni Sakkwato. Bai yi dariya ba wannan karon.

A Isa muka sami mai kayan sauti. Ya ɗauko wata mai kai mai ƙafa uku, mai kauri, ya ce irinta manyan malamai ke wa'azi da ita. Na ce ya kwance kan in gani. Ya ce ba a kwancewa. Ni da ko cinikin albasa nake jin kunya, na ce to ba a saye. Da ya kwance, jijiya ɗaya ce a ciki da ragar da ke kewaye da ita, an liƙe ƙafa biyu wuri ɗaya da dalma. Wato irin wadda ta jawo mana masifa ce, an sa mata babbar riga. Ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce na taɓa jin wannan maganar, na kuma dubi abokina, ya dubi ƙasa.

Daga ƙarshe ya jawo wani naɗin waya daga ƙarƙashin tebur. Ba ta da kyan gani, ba ta ma kai waccan tsada ba. Amma a ciki jijiya biyu ne a murɗe da juna, raga ta lulluɓe su, ita ce ta uku. Yadda na fahimta, kuma masana su yi mini afuwa, jijiyoyin biyu saƙo ɗaya suke ɗauke da shi, ɗaya a miƙe ɗaya a juye. Duk ƙarar da suka kwasa a hanya iri ɗaya ce, don haka in sun isa sai sifikar ta gane ta, ta zubar. Na sa ya yanko tsawon gaba ɗaya ba haɗi, ya liƙe kawunan a gabana, ƙafa uku jijiya uku, muka gwada a shagon kafin mu tafi.

Ban mayar da sifikar a ɓoye ba. Na roƙi Baffa ya aika a kira goggo, ya kuma tsaya daga bakin ƙofa. Na fara sa tsohuwar wayar ba kaset, muka jira. Kiɗan ya taso. Na zare ta na sa sabuwar, sai tsit, har na tsorata ko ba ta aiki. Abokina ya danna kaset a zaure.

Muryar mahaifina ta cika ɗakin kamar yana zaune a kan buzunsa. Ana jin numfashinsa tsakanin aya da aya. Can baya kuma, inda gurnani ya rufe a da, sai ga ƙarar taɓarya a turmi. Ya kai ƙarshen sura, ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya ya ce, "A rage dakan nan mana, ana karatu."

Mahaifiyata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ta ce, "Kun ji shi. Ni ce wagga mai daka. Ko ya tafi bai bar mini faɗa ba." A ranar ta ci tuwo.

Baffa ya share ido ya koma zaure. Goggo ta ce to ai da sai a yi bayani tun farko, ta tashi. Iyakar haƙurin da aka ba mahaifiyata ke nan. Waɗanda suka kai maganar Bafarawa ba wanda ya koma ya kai gyaranta. Ƙarya ta hau babur, gaskiya ko jaki ba a ba ta ba.

Yau wayar tana rataye a ɗakina. Abokina, in zai sayi ko fitila, sai ya ce a kwance ya gani, yana hararata. Ni kuwa na daina jin kunyar tsorona kamar da, ko da yake ban ce kullum yana da amfani ba.

Waɗanda suka kasance a gidan lokacin, in na yi kuskure a tsawon wayar, ko a ranar kasuwa, ko a wanda ya faɗi me, don Allah ku aiko mini in gyara. Abu ɗaya ne kawai ba za ni karɓi gyara a kansa ba: mahaifiyata ba ta saurari kiɗa a cikin takabarta ba. In kun san wanda har yanzu yake faɗin haka, ku tura masa wannan.