Ciwon Ɓarin Kan Baba

Da tsoron Baba muka tashi. Tela ne a Sabon Gari, nan Gusau, kuma mutanen waje ba su taɓa jin kansa da kowa ba. Mu na gida wani mutum daban muka sani. Sau biyu ko uku a wata yakan dawo tun kafin azahar, dafe da gefen kansa na hagu, idon wannan ɓangaren yana zubar da ruwa. Da Inna ta hango shi sai ta jingine taɓarya, ta rufe tagar ɗakinsa da bargo, ta kora kaji waje. Mu kuma mu tuɓe takalma. Ko cokali ne ya faɗi, sai mun sha tsawa.

Ba irin maganin da ba a nema ba. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an kai shi Bungudu wani wanzami ya yi masa ƙaho. Shi dai ƙwayar ciwon kai yake haɗiya bibbiyu, galibi ba komai a cikinsa. Ga ƙwannafi da zafin ciki, kullum da jiƙon kanwa a kofi. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa ciwon nan biyu suna da dangantaka.

Yayana, babbanmu, tare suke ɗinki, har ya kai munzalin aure. Wata rana ciwon ya taso, Baba ya ce ya tsai da keken ɗinki, ƙara ta hana Yaya ji. Baba ya kwaɗa masa mari a gaban masu kawo ɗinki. Washegari Yaya ya tattara ya koma Tsafe wurin kawunmu. Can ya buɗe shago, can ya yi iyali. Sai da salla yake zuwa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya tashi.

Ina da 'ya'ya uku lokacin da Baba ya yi wani amai baƙi ƙirin, muka kai shi asibiti. Likitar ta daɗe tana yi masa tambayoyi, ta sa aka auna bayan gidansa.

"Baba, akwai ƙwayoyin cuta a tumbinka, sun daɗe," in ji ta. "Su suka jawo gyambon ciki, maganin ciwon kan da kake sha kuma ya ƙara ci."

"To, kan fa, ɗiyata?"

"Ba zan yi maka alkawari ba. Amma akan ga masu wannan cuta da ciwon ɓarin kai, kuma wasu in an kashe ƙwayoyin sai ya lafa."

Maganin mako biyu ta rubuta. Ciwon bai ɓace ɗungum ba, amma sai a yi wata uku bai zo ba, in ya zo ma ba ya kwantar da shi. Ashe Baba mai ban dariya ne. Yakan ɗora jikoki a cinya yana kwaikwayon kukan jaki. Ranar da na fara jin yana ƙyaƙyatawa, madafa na shiga na yi kuka, na tarar Inna ta riga ni.

Wata safiya ya ce in raka shi Tsafe. Yaya ya karɓe mu da ladabi, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Suka taɓa zancen damina da tsadar yadi. Baba ya yi ta murza hularsa. Can ya miƙe ya duba keken Yaya, ya sassauta masa zare, ya ce mu tafi kada rana ta yi.

A mota, mun kusa shiga Gusau, ya ce, "Na zo da magana, ta ƙi fita. Yaron nan bai yi mani komi ba. Wani zuwan ni faɗa mashi."

Bai sake zuwa ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi kafin a yanke gero. Yaya ya iso ana shirin wanka, shi ya ɗinka likkafanin da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa ba.

Bayan addu'ar bakwai na raka shi tasha, na gaya masa abin da Baba ya ce. 

"Da kin bari sai na isa gida," ya ce. Ya shiga mota, ya juyar da fuskarsa wajen taga.