Jajayen Tsutsotsin Tafkinmu

Shekarar da ruwa ya dawo tafkinmu na bayan Garwa, bayan farin da ya busar da shi ƙarƙaf, wani ma’aikaci da muke kira mushe, wato malam da faransanci, ya fara zuwa mana da rariya da kwalabe. Daga biro, wato ofishin masu kula da kifi, aka aiko shi, in ji shi. Sai ya naɗe wando ya shiga taɓo, yana tsince jajayen tsutsotsin nan da ke zama ƙananan ƙwarin bakin ruwa. Babban mutum da gemu!

Ni tun ranar farko bai kwanta mini ba. A zamanin nan ko tari ka yi a kasuwa, jandarma sun ji kafin ka isa gida. Mijina masunci ne, tafkin nan kuwa shi ne tukunyarmu.

Na tare shi da faransancina na kasuwa: "Mushe, me za ka yi da tsutsa?"

Ya ce kowane tafki da dangin tsutsarsa. Yana so ya gane ko namu ’yan gida ne da suka tsira a cikin laka, ko baƙi ne daga Binuwai.

Baƙi! Kakanninmu daga Najeriya suka zo da fatauci. Wanda ya fara binciken asalin tsutsa, gobe asalin wa zai bincika?

Maza suka yi shawara a gindin tsamiya. Suka ce in mushen ya ga tafkin ya rayu, gwamnati za ta kewaye shi ta hana mu kamun kifi. Mijina ya ce, "Hajiya, tara mana toka." Kowane gida ya kawo, wani ma ya ƙara da kalanzir, aka zuba a gaɓar da yake ɗiba.

Da ya dawo ya tace taɓo har la’asar, ko ɗaya bai samu ba. Ya kwashe kwalabensa ya tafi. Muka yi dariya har da riƙe ciki.

Ashe tsutsar nan abincin kifi ce, da ita biro ke gane tafkin da ya farfaɗo. Da kaka motar biro ta zo rabon ’ya’yan kifi a tafkunan da suka farfaɗo. Ta bi ta gabanmu, gangunan suna fantsalar da ruwa, ba ta ko rage gudu ba. Har yau ban yarda mushen nan ba shi da wata manufa ba, wallahi. Amma mijina a ranar ya naɗe komarsa, ya shiga dako a tasha, bai sake kamun kifi ba har ya rasu.